Yadda za ku haɗa gasar tara maki ta masu gudun dogon zango a yankin Kumasi

Jama'a tunda ana ta tambayata a bes ɗinmu, wato majalisar da muke zaman hira, da kuma a waya yadda ake tsara wannan abin, bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya karanta ya huta. Maganar ita ce gudun da ya zarce maraton, shi maraton kilomita 42.195 ne cif, duk abin da ya haura haka shi ake kira altira, wanda aka fi yi kilomita 50 ne, sai mil 50 wato kilomita 80 da ɗoriya, sai kilomita 100, akwai kuma wanda ba nisa ake yankawa ba lokaci ake yankawa, awa 6 ko 12 ko 24, a ga wa zai fi cin ƙasa. To gasar tara maki ita ce a ɗauko irin waɗannan tseren guda huɗu ko biyar a cikin shekara a ɗaure su wuri ɗaya, kowane tsere ka shiga ka samu maki, ƙarshen shekara a duba tebur kamar na lig ɗin ƙwallo.

Kafin komai ku zauna ku rubuta doka. Na sa wannan a gaba ne saboda a nan muka sha kashi. Shekarar da muka fara gwadawa da baki kawai muka yi magana ana shan ataya, kowa ya ce ya yarda, sai da aka yi tsere uku sannan rigima ta tashi, wani tela daga Aboabo wanda ya gama kilomita 80 ya ce ta yaya za a ba shi maki daidai da wanda ya yi 50 a kwalta, shi kuma na kwaltan ya ce ai ba a faɗa ba tun farko, kuma wallahi duk su biyun suna da gaskiya. Sai da wani dattijo a cikinmu ya ce "ku yi haƙuri 'ya'yana, laifin na masu shiryawa ne" sannan aka lafa, amma telan bai sake zuwa ba. Don haka takarda ɗaya ko biyu, da Hausa da Turanci, in da hali a yi bayaninta da Tuwi, yaren Asante, a saƙon murya, a tura wa kowa kafin a busa usur na farko, kuma ba a taɓa ta sai shekara ta ƙare ko da kun gano kuskure a tsakiya.

Masu rubutawar kada su wuce mutum biyar. Madugu ɗaya mai yanke magana, mai riƙe kuɗi, mai riƙe maki, mai kula da hanya da kuma mai kula da lafiya. A samu mace a ciki ko da ɗaya ce, in ba haka ba za ku shirya komai ku manta da wurin da mata za su canza kaya ko su kewaya. Shi mai riƙe maki kada ya zama yana cikin masu neman kofi, ko da waliyyi ne za a yi zarginsa.

Sai ku shata yankin. Kalmar yanki tana da daɗin faɗa amma in kuka ce duk Ghana kun kashe abin tun bai tashi ba, domin ba kowa ke da kuɗin mota da na masauki sau biyar a shekara ba. Ni ma'aunina shi ne duk inda mutum zai tashi daga Kejetia, babbar tasha da kasuwar tsakiyar Kumasi, ya isa cikin awa biyu zuwa uku a mota. Wannan ya ba ku tafkin Bosomtwe ta hanyar Kuntanase, ya ba ku hawan Mampong, ya ba ku ɓangaren Ejisu da dajin Bobiri, in kun miƙa kaɗan ga duwatsun Kwahu a saman Nkawkaw, ta arewa kuma ga Techiman. 'Yan uwanmu na Nima da Madina a Accra su ma za su iya yin nasu da hawan Aburi daga Ayi Mensah da wajen Shai Hills, in ya so daga baya a haɗa zakaru.

Kuma ba dole ku ne za ku shirya duka tseren ba, wannan mutane da yawa ba su gane ba. In akwai wata ƙungiyar kip fit, wato ta masu motsa jiki, ko wasu masu shirya tsere da suke da nasu a yankin, ku je ku same su ku ce muna so mu sa tserenku a jerinmu, mu kawo muku mutane ku kuma ku ba mu sakamako a rubuce cikin kwana uku. Ku ku shirya biyu da kanku, sauran ku jingina da na wasu. Sharaɗin shiga jerin dai a bayyane: an auna hanya, akwai ruwa a kan hanya, akwai mai duba lafiya, akwai wa'adin rufewa.

Yanzu kalanda, nan ne ake buƙatar nutsuwa. Ku ɗauko kalandar shekara ku fara da soke ranakun da ba za su yiwu ba. Azumi gaba ɗaya a cire, da sati biyu bayan sallah don jiki ya dawo, kuma ku tuna kowace shekara azumi yana matsowa da kamar kwana 11 don haka kalandar bana ba za ta yi aiki baɗi ba. Babbar sallah a cire. Kwahu lokacin Ista kada ma ku fara, bikin da ake yi a can yana cika garuruwan, ba masauki ba hanya. Akwasidae, bikin gargajiyar Asante da sarakuna ke zama, duk bayan kwana 42 yake zagayowa ran Lahadi, in hanyarku ta ratsa garin da ake yi ko kuna son ganin sarki to ku kauce masa. Asabar kuwa kun san ƙasar Asante, ranar makoki ce, za ka auna hanya lafiya lau ran Talata ka dawo ran Asabar ka tarar an kafa rumfuna da kujeru an rufe titin ana ta kiɗa, don haka a tambayi mutanen garin tun da wuri. Shekarar zaɓe kuma a nisanci farkon Disamba tunda ran 7 ake kaɗa ƙuri'a.

Abin da ya rage sai a duba sama. Fabrairu da Maris zafi ne mai dafa mutum, Yuni ruwa ne kamar da bakin ƙwarya hanyoyin daji su zama taɓo, Agusta shi ne watan da ya fi sanyi-sanyi kuma ruwa yana ɗan tsagaitawa, to tseren da ya fi tsawo a kai shi can. Lokacin hunturu safiya tana da daɗi amma ƙura tana cin maƙogwaro kuma mutum yana bushewa bai sani ba. Tsakanin tsere da tsere a bar aƙalla sati shida. Ƙafa ba injin nika ba ce.

To ga uwa uba, lissafin maki. Hanya biyu ce. Ta farko ta matsayi, na ɗaya 100, na biyu 95, haka har ƙasa. Tana da sauƙi amma ni ba na sonta, saboda tseren da mutum tara suka zo da wanda mutum sittin suka zo ba ɗaya ba ne, wanda ya zo na biyar cikin tara zai fi wanda ya zo na goma sha biyu cikin sittin maki alhali ƙila na biyun ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Ta biyu ta lokaci, ita nake ba da shawara. Ka ɗauki lokacin wanda ya zo na ɗaya ka raba da naka lokacin ka ninka da 100. Misali a kilomita 50, na ɗaya ya gama a awa 4 da minti 10, minti 250 kenan, kai ka gama a awa 6 da minti 15, minti 375, to 250 a raba da 375 a ninka da 100 ya ba ka 66.7, a cike shi 67. Kaga ko kai ne na ƙarshe kowane minti da ka rage yana da amfani, ba wanda zai ce ai an riga an wuce ni bari in yi tafiyar hawainiya. In tseren na awa ne sai a juya lissafin, nisanka a raba da nisan na ɗaya, ya yi kilomita 64 a awa 6 kai ka yi 48, makinka 75.

Akwai rami ɗaya a wannan hanyar. Ranar da wani baƙo mai gudun tsiya ya faɗo daga wani wuri ya cinye tseren da tazarar minti arba'in, makin kowa zai zube ƙasa, waɗanda ba su zo ranar ba su ci riba a banza. Maganinsa a rubuta cewa ma'aunin shi ne lokacin wanda ya fi sauri a cikin waɗanda suka yi rajistar jerin, baƙo ya karɓi kyautarsa ta ranar ya tafi amma ba ya shiga lissafinmu. Mata kuma da lokacin macen da ta zo ta ɗaya ake auna su, teburinsu daban.

Sai maganar telan nan, wato nauyin tsere. Kilomita 50 a kwalta shimfiɗaɗɗiya da kilomita 50 ana sauka Abono, ƙauyen da ke gaɓar tafkin, ana hawowa bakin ramin Bosomtwe ba abu ɗaya ba ne, duk wanda ya taɓa hawo wannan gangaren da ƙafa da rana tsaka ya sani. Ƙungiyar ITRA ta masu gudun daji da duwatsu tana da lissafi mai sauƙi da za ku ara, kowane mita 100 na hawa ana ɗaukarsa kamar ƙarin kilomita ɗaya. Kenan kilomita 50 mai hawan mita 1,500 ya zama 65, shi kuwa kilomita 60 mai hawan mita 300 kacal ya zama 63, kusan kai ɗaya. Da wannan sai ku yi aji uku, ƙasa da 60 a ninka maki da 1, daga 60 zuwa 79 a ninka da 1.15, daga 80 zuwa sama a ninka da 1.3. Mai 66.7 ɗin ɗazu in a aji na biyu ya samo shi ya koma 77. Kada ku sa ninkin ya yi yawa, in kuka ce dogon tsere ninki biyu ne to kun tura mutanen da ba su shirya ba su je su halaka kansu saboda maki.

Don wannan dalilin ne ma nake cewa kada a tara duka tseren. In biyar ne a ɗauki uku mafi kyau na kowa. Mai rauni ya huta, mai biki ko rasuwa a gida ya je, wanda ciniki ya riƙe a kasuwa bai fita daga gasar ba. Sannan wanda ya kasa ƙarasawa, in dai ya wuce rabin hanya kuma ya tsaya a wurin da aka sani ya miƙa lambar ƙirjinsa da hannunsa, a ba shi maki 10. Wasu sun ce wannan lallashin rago ne, ni kuwa na gwammace mutum ya zauna ya karɓi gomansa da a je ana nemansa a cikin gonar koko da tocila. Wanda ya sulale ya hau mota ya tafi gida bai gaya wa kowa ba, a cire masa 20, domin shi ne ke sa mutane kwana a daji. Ku ƙara da cewa duk mai son kofi sai ya yi aikin sa kai a tsere ɗaya cikin shekara, raba ruwa ko rubuta lamba, a ba shi maki 20 sau ɗaya. Da wannan kun magance rabin matsalar ma'aikata.

In an yi kunnen doki a duba wanda ya fi cin ɗan uwansa a tseren da suka haɗu, in nan ma daidai ne a duba wanda ya fi maki a tsere guda. Rukunin shekaru uku sun isa, ƙasa da 40, 40 zuwa 49, 50 zuwa sama, da shekarun da mutum yake da su ranar tseren farko, kuma da Ghana Card za a tabbatar ba da rantsuwa ba. Yara kada su shiga. Gasar Comrades ta Afirka ta Kudu da ake yi tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90, ba ta karɓar wanda bai kai shekara 20 ba, kuma awa 12 na cika ake rufe ƙofa ko saura taku biyu gare ka. Ku ara duka biyun, iyakar shekaru da wa'adi marar alfarma.

Izini. Dokar Public Order Act ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana biyar kafin taro a wurin jama'a, amma ku kada ku jira kwana biyar, ku kai takarda wata guda kafin, da taswirar hanya da lambar madugu, a buga muku hatimi a kwafinku. In za ku ratsa gandun daji na gwamnati sai an nemi Forestry Commission, hukumar kula da gandun daji. Ku kuma sanar da reshen hukumar wasannin guje-guje ta Ghana na yankinku. Amma takardar ofis ba ta isa a ƙauye ba, sai kun taka kun gaida Nana ko odikro, wato sarki ko dagaci, na kowane gari da hanyar ta bi, ku tafi da asambiliman ɗin wurin, wato kansila, ko sarkin zango in akwai. Al'adarsu a kai kwalbar giyar shinaf, mu kuwa sai mu sa kuɗin gaisuwa a ambulan mu yi bayani cikin ladabi, ban taɓa ganin inda aka ƙi karɓa ba. A Bosomtwe musamman a tambayi abin da ba a yi, tafkin wuri ne mai tsarki a wajensu.

Aunin hanya kuma kada a dogara da agogo ɗaya. Mutum uku su bi ta da agogo ko waya mai GPS a rana daban-daban, a ɗauki na tsakiya, a fitar da fayil ɗin hanyar a tura wa kowa. In kwalta ce kuma kuna so lokacin ya samu karɓuwa a waje, sai an kira mai awon hanya mai lasisi da keken awo. Alama a sa ta yamma kafin tsere, a sake bi da asuba a kan babur, domin yara suna kwance ƙyallen su yi wasa da shi, fenti ko farar ƙasa a ƙasa ya fi daɗewa.

Wuraren ruwa ni zango nake ce musu, kuma sunan ya dace, kakanninmu fataken goro da suka riƙa takowa daga Kano zuwa Salaga ai da zango-zango suka yi ta, daga nan unguwanninmu suka samo suna. A sa zango duk kilomita 7 zuwa 8, in rana ta take a matso da su. Jaka ɗaya ta ruwan leda, wato piya wata, leda 30 ce, lita 15 kenan. In mutum 40 ne za su yi kamar awa 8 a hanya, ka yi wa kowa lissafin lita ɗaya a awa, rabi sha rabi zubawa a ka, lita 320 kenan, jaka 22, to ka sayi 30. Aboboya ɗaya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ta raba su tun dare. A ajiye ayaba, kankana, lemu, dafaffen dankali ko doya da gishiri, ORS wato garin ruwan gishiri da suga, da ƙanƙara a kula, a babban zango na tsakiya a samu koko da ƙosai ga masu so, da tabarma da buta saboda azahar za ta riski mutane da yawa a hanya. Buhu a kowane zango na ledojin ruwa, in kuka bar wa mutane shara a gari baɗi ba za su bar ku ku wuce ba.

Kowane zango mutum biyu ne da biro da littafi, ɗaya na kiran lambar ƙirji ɗaya na rubutawa da lokaci, in an gama a ɗauki hoton shafin a tura WhatsApp nan take. Wannan littafin shi ne kotunku. Mun taɓa samun wanda ya iso ƙarshe fes da shi ko gumin kirki babu, aka duba ba sunansa a zango na uku da na huɗu, ashe pragya ya hau, keken haya mai ƙafa uku, da aka nuna masa shafin bai ce uffan ba. A wurin juyawa a riƙa ɗaura wa kowa zare mai launi a hannu, launin kuma kada a faɗa sai ranar. A baya can a sa mutum biyu masu bin sawu, ba sa wuce kowa, su ne ke cewa hanya ta zama babu kowa.

Lafiya ba wurin tsumulmula ba ce. A yi magana da National Ambulance Service tun da wuri, a san asibiti ko CHPS, ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, mafi kusa da kowane zango, kowa ya san lambar kiran gaggawa 112, a samu nas aƙalla a tsakiya da ƙarshe. A fom ɗin rajista a tambayi hawan jini, ciwon suga, asma, sikila da lambar wani na gida. Wanda ya fara surutai marasa kan gado ko yana tangaɗi jikinsa ya yi zafi rau, a cire shi a kwantar a inuwa a yi ta zuba masa ruwan ƙanƙara tun kafin mota ta zo, ba a tambayar ra'ayinsa. Shan ruwa fiye da kima ba gishiri shi ma yana kayar da mutum, don haka kada a riƙa ɗura wa mutane dole. A hana shan ibuprofen da diclofenac a kan hanya saboda ƙoda, wanda ya ga fitsarinsa ya koma kalar koka-kola asibiti kai tsaye. Tramadol kuwa ku rubuta shi ɓaro-ɓaro a doka, hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, kuma mun san yadda yake yawo a unguwanni.

Kuɗi a karɓa ta MoMo, wato turawa ta waya, a lamba ɗaya da aka ware don wannan kawai, kuɗin rajistar jeri daban na kowane tsere daban, bayan kowane tsere mai kuɗi ya fitar da abin da ya shigo da abin da ya fita har kuɗin ƙanƙara. Masu tallafi ku fara da na kusa, mai gidan ruwa, mai kemis, Hajiya mai waakye da za ta ciyar da mutane a ƙarshe, a sa sunansu a riga. Kada ku yi alkawarin kyautar kuɗin da ba ta hannunku.

Sakamako ya fita cikin awa 48 a Google Sheets da kowa zai iya buɗewa amma mutum ɗaya ne ke iya taɓawa, da lissafin a fili yadda kowa zai iya bi da kalkuletar wayarsa. A ba da kwana uku na ƙorafi, a rubuce, mutum uku da ba su yi tseren ba su duba, bayan nan an rufe. Taron raba kyauta a yi shi sati biyu bayan tseren ƙarshe, ba sai an kama hol ba, rumfa da kujeru a unguwa sun isa, a kira har wanda ya zo na ƙarshe a tebur da sunansa a ba shi takardar shaida mai ɗauke da jimillar kilomitan da ya taka a shekarar. A wannan zaman ne kuma za a karanta dokar layi-layi, duk mai gyara ya kawo, a kaɗa ƙuri'a, a buga ta baɗi kafin a tashi.